Mai Fim da Gawayi

Gawayi dai a kurfoti da dutsen guga muka san shi. William Kentridge, ɗan Afirka ta Kudu da aka haifa a Johannesburg a 1955, fim yake yi da shi.

Zai manna ƙatuwar takarda a bango, ya girke kyamara can baya. Ya zana attajiri zaune a ofis, ya tako ya ɗauki hoto. Sai ya koma ya goge hannun attajirin da tsumma, ya sake zana shi a ɗan ɗage, ya dawo ya kuma ɗauka. Haka zai wuni yana kai da komo a kan takarda guda, alhali masu katun kowane motsi sabon shafi suke buɗe masa. To, shi gawayi ba ya goguwa tas. Duk inda hannun ya bi sai ya bar dusu-dusu, har ka ga mutum na tafiya, sawun inda ya baro na biye da shi.

Wani zai ce ƙazantar aiki ce. Ni kam a nan na sara masa. Mutumin da ya tashi cikin mulkin wariyar launin fata, wanda mahaifinsa Sydney Kentridge ne lauyan iyalan ɗan gwagwarmaya Steve Biko a binciken mutuwar Biko na 1977, ya san abin da aka goge ba ya ɓacewa. Tun 1989 yake jera irin waɗannan finafinai.

Daga baya ya shiga ƙera sassaƙe masu motsi. A 2012, a baje kolin Documenta na birnin Kassel a Jamus, ya nuna The Refusal of Time: bidiyo biyar na haskawa a bangon ɗaki, a tsakiya kuma wani injin katako na buɗewa da rufewa kamar zugazugin maƙeri. Giwa ake ce masa. Dabarar ta samo asali daga birnin Paris na ƙarni na 19, inda ake hura iska ta bututun ƙarƙashin ƙasa don agogunan gari su tafi daidai. Tare da masanin tarihin kimiyya Peter Galison suka yi aikin.

In ka samu fim ɗinsa, kada ka tsaya kan mai tafiyar kawai. Duba abin da ya bari a bayansa.