"Tashi Daga Toka": Fassarar da Ba Ta Zauna Ba

Turawa kan ce rise from the ashes idan abu ya hallaka ƙurmus sannan ya dawo da ƙarfinsa. Asalin maganar tatsuniyar Girkawa da Rumawa ce game da finiks, tsuntsun da kan rayu shekara 500, ya ƙone, sabo ya fito daga tokarsa. Wasu masu fassara kan mayar da ita "tashi daga toka", kuma a nan ne gizo ke saƙar. Bahaushe ba shi da wannan tsuntsu. Toka, ko habɗi a bakin Basakkwace, kayan murhu ce. Wanda ya tashi daga cikinta sai a zaci kwana ya yi a madafa.

"Farfaɗowa" ta fi kusa, sai dai daga suma ake farfaɗowa, ba daga hallaka ba. "Toho" ya fi dacewa, domin manomin ƙasar Boɗinga ya sha ganin ciyawa ta toho bayan wuta ta cinye daji.

Wajen amfani ma akwai sharaɗi: sai an komo matsayin da aka rasa. Alhaji Shehu Shagari, da soja suka hamɓare ranar 31 ga Disamba, 1983, ya koma garin Shagari a 1986 bayan tsarewa. Mutuncinsa ya dawo, mulki bai dawo ba, don haka maganar ba ta hau kansa ba. Janar Buhari ta hau, wanda aka tumɓuke a 1985, aka zaɓe shi a 2015.