Tsakanin Zaɓe da Naɗi: Kalmar "Designate"

Duk wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci ya fara duba jarida, ba zai daɗe ba sai ya ci karo da sunayen muƙamai da aka juyo daga Turanci. Cikinsu akwai wata kalma wadda masu fassara ke yi wa riƙon sakainar kashi, watau "designate", ana faɗinta dezignet. Nufina in bayyana ma'anarta, in kuma nuna inda fassararmu ta kauce.

Asalinta daga Latin ne, harshen Rumawan da, ma'anarta kuwa a sa wa abu alama. Rumawa sukan zaɓi shugabanni biyu kowace shekara, kowannensu ana ce da shi konsul. Daga ranar da aka zaɓi mutum har ranar da zai kama aiki, sunansa "consul designatus", watau konsul wanda aka yi wa alama. Mutanen Ingila suka ari kalmar har da mazauninta. A Turanci sifa ita ke rigan suna, amma wannan sai bayan an ambaci muƙamin take zuwa.

Ga misali. Nijeriya ta sami mulkin kai ran 1 ga Oktoba, 1960, amma Sir James Robertson ya ci gaba da riƙe muƙamin Gwamna-Janar. Dr. Nnamdi Azikiwe, wanda aka tsai da shi zai karɓa, sai ran 16 ga Nuwamba aka rantsad da shi. Kafin ran nan shi "Governor-General designate" ne: an nuna shi, amma iko bai zo hannunsa ba.

Kalman nan tana da 'yan'uwa biyu da ake rikita su da ita. Ta fari "elect", ita ta wanda aka zaɓa da ƙuri'a ce. John Kennedy ya ci zaɓen Amurka ran 8 ga Nuwamba, 1960, ya zauna yana "President-elect" har 20 ga Janairu, 1961. Ta biyu "acting", watau muƙaddashi. Muƙaddashi yana da iko amma muƙamin ba nasa ba ne, wanda aka nuna kuwa muƙamin nasa ne amma ba shi da iko tukuna.

To, yaya masu fassara ke yi? Waɗansu su ce "sabon Gwamna". Wannan riga malam masallaci ne, gama ba a sarki biyu a gari ɗaya. Waɗansu su ce "zaɓaɓɓe", mai karatu ya zaci an jefa ƙuri'a. Waɗansu kuma su ce "mai jiran gado". Ita ce ta fi daɗi ga kunne, amma gado a wurin Bahaushe bayan mutuwa yake, ga kuwa mai muƙamin yana nan da ransa da lafiyarsa.

Kada a ce wannan ƙaramin abu ne. Wata rana a ofishin En'e takarda ta zo game da wani da za a ba shugabancin wani sashe, aka fassara ta da "sabon shugaba". Kafin la'asar maroƙa sun cika ƙofar gidansa. Da gari ya waye ya sa hannu a takardun biya, ma'aji ya ƙi karɓa, leburori suka kwana uku ba a biya su ba. Kalma ɗaya ta jawo wannan.

Maganin kuwa yana cikin al'adarmu. Kowa ya san masu zaɓen sarki su ke fid da mutum, amma ranar naɗi dabam take. Saboda haka a ganina a riƙa cewa "mai jiran naɗi". Kwanakin jiran nan ba banza ba ne, lokacin koyon aiki ne daga wanda za a karɓa a hannunsa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ya kai mai karatu, in ka ga an ce an ba wane muƙami, tambaya: an nuna shi ne, ko an naɗa shi? Allah ya ƙara mana fahimta, amin.