Fairuzar Naisabur, Wallahi Ba Ta da Na Biyu

Ku bar ni in yi wa dutsen nan kirari, jama'a, don ya ci a yi masa. Duk wanda ya taɓa ɗora fairuzar Naisabur ta gaske a tafin hannunsa ya san abin da nake nufi. Shuɗi ne tas, mai sanyaya ido, irin na sama da safe bayan ruwan Agusta ya kwana yana zuba. Ka kalle ta sau ɗaya, sai ka ji sauran duwatsun zobe sun fice maka a rai.

Naisabur ɗin nan dai ita ce garin Imamu Muslim mai Sahihi, can Khurasan a arewa maso gabashin Iran. A duwatsun da ke kusa da wani ƙauye mai suna Ma'adan ake haƙo ta, fiye da shekara 1,000 ke nan ana yi, yawanci kuma Mashhad ake kai ta a yanka a goge. 'Yan kasuwar can iri biyu suke kira. Akwai ajami, wadda ba ta da ko ɗigo, shuɗi zalla, ita ce mai tsadar gaske. Akwai kuma shajari, mai jijiyoyi baƙaƙe ko ruwan ƙasa da suka ratsa ta, ragowar dutsen da ta tsiro a ciki. Masu kuɗi ajami suke bi. Ni kam shajari ce tawa! Babu guda biyu da zanensu ya zo ɗaya, za ka yini kana bin layukan da ido ba ka gaji ba.

Jan ƙarfen da ke jikinta ne ke ba ta shuɗin, in baƙin ƙarfe ya yi yawa sai ta karkata zuwa kore, kamar yawancin ta Tibet. Ta Hubei a Sin ta cika kasuwa. Amurka na da ta Sleeping Beauty a Arizona, kyakkyawa ce ba musu, amma an daina haƙo ta tun 2012. Duk na yarda da su, sai dai a bayan ta Naisabur suke tafiya.

Ga kuma daraja tun fil azal. Fir'aunonin Masar har Sina'i suke tura mahaƙa dominta, tana nan manne a fuskar zinariyar Tutankhamun. Mutanen Aztek na Meziko sun jera ƙananan gutsattsarinta a kan katako suka fitar da maciji mai kai biyu, wanda yanzu ke ajiye a gidan tarihi na Birtaniya a Landan. A Farisa da ƙasashen Turkawa ana ɗaura ta a linzamin doki, wai tana kare mahayi daga faɗuwa, wasu kuma suka ce in launinta ya juya ciwo ne ke tafe. Wannan camfi ne, amma juyawar gaskiya ce: dutse ne mai shan abu, turare da man shafawa da gumi duk suna shiga jikinsa su mai da shi kore. Saboda haka cire zobenka kafin ka shafa turare, Alhaji.

Sai hattara da jabu, musamman masu sayen tsaraba a Makka da Madina, inda ake jera ta kusa da aƙiƙ a zobban azurfa. Akwai wani farin dutse mai jijiyoyi, haulait, da ake rinawa shuɗi a sayar da sunanta. Jiƙa auduga da ruwan goge janfarce ka shafa a bayan dutsen. In audugar ta yi shuɗi, rini ne. Ta roba kuwa ba ta da nauyi, ba ta da sanyin dutse a kumatu. In mai shago ya ce ta Naisabur ce amma kuɗinta bai kai na azurfar zoben ba, yi masa godiya ka ƙara gaba.