Silimar Wazzou: wa ke da laifi?

A lakkol, masu koyon Ingilishi akan sa su kalli silima, su faɗi ra'ayinsu tare da dalili. "Ta yi daɗi" kaɗai bai isa ba. To ƴan'uwa, mu ma mu gwada da Hausa.

Umaru Ganda, ɗan Nijar, ya yi silimar Wazzou da Zabarmanci. A 1972 ta ci babbar kyauta a gasar Wagadugu.

Ga labarin. Wani alhaji ya dawo daga Makka. Yana da mata biyu, ya ƙyalla ido kan Satu, wadda aka yi wa Garba alkawarinta. Garba ya yi fushi, ya tafi birni. Matar alhaji ta biyu ta ƙudura kashe amarya daren biki, sai ta kashe ƙawar amarya bisa kuskure.

Mai kallo zai yi saurin tsine wa kishiya. Ni a ganina alhaji ne tushen masifar, shi da iyayen da suka karya alkawari. Ganda ya yi ƙarfin hali da ya taɓa mai rawani.

Inda na ga cikas: Bahaushen ƙauye sai ya nemi tafinta.