Takarda Kafin Daji: Nazari kan Gwajin Bindiga a Farautar Talo-talo a Amurka

Talo-talon da muke kiwo a gida yana da ɗan'uwa a dazuzzukan Amurka ta Arewa, tsuntsu mai kaifin ido da saurin tsorata. A farkon ƙarni na 20 sara daji da harbi ba ƙaidi sun kusa ƙarar da shi. Dokar Pittman-Robertson ta 1937, wadda ta karkatar da harajin bindigogi da harsasai zuwa kula da namun daji, ta samar da kuɗin farfaɗo da shi. Daga baya aka riƙa kama tsuntsayen da raga ana kai su inda suka ɓace, kuma ƙungiyar National Wild Turkey Federation da aka kafa a 1973 ta sa hannu a aikin. Yau ana ƙirga su da miliyoyi. Daga wannan tarihi ne wata al'ada ta samo nauyinta: maharbi ba ya shiga daji sai ya gwada bindigarsa a jikin takarda.

Dalilin yana jikin tsuntsun. Namijin talo-talo yakan kai kilo 8 zuwa 10, gashinsa kauri gare shi, ƙashin fiffikensa kuma tamkar garkuwa. Harbin jiki sau da yawa rauni kawai yake yi, tsuntsun ya tsere ya mutu a ɓoye. Don haka ake auna kai da wuya, inda ƙwaƙwalwa da lakar baya suke, wuri ɗan ƙarami da ba ya tsayawa cik. Bindigar kuwa feshi take yi da ɗaruruwan ƙananan ƙwayoyi, kuma ba wanda ya san yadda suke bazuwa sai ya gani da idonsa.

Gwajin ba wuya. A kafa babbar takarda a nisan yadi 40, a jingina bindiga a kan abu mai ƙarfi, a harba. Sai a zana da'ira mai faɗin inci 10 a inda ƙwayoyin suka fi cunkoso, a ƙirga hudojin. Mizanin da maharba da yawa suka yarda da shi shi ne huda 100. Amma adadi kaɗai bai isa ba. Dole a duba ko akwai gurbin da kan tsuntsu zai iya shigewa ba a taɓa shi ba, a kuma duba ko tsakiyar feshin ta faɗi inda aka auna. Bindigogi da yawa kan karkata sama ko gefe, shi ya sa ake ɗora musu na'urar saiti mai jan ɗigo.

Abu biyu ne ke juya sakamakon. Na farko ɗan bututun da ake murɗawa a bakin bindiga don matse feshi. Ramin bindiga mai lamba 12 ya kai kusan inci 0.729, bututun farautar talo-talo kuwa yakan matse shi zuwa wajen 0.665. Sai dai matsi ba kullum yake zama alheri ba. In ya yi yawa, ƙwayoyin dalma kan lanƙwashe su fanɗare. Kuma a yadi 10 ko 15 feshin yakan dunƙule ƙwarai, har ɗan motsin kai ya sa a kuskure.

Na biyu shi ne ƙwayar kanta. Shekaru da dama dalma mai lamba 4, 5 ko 6 ake amfani da ita, kowacce da ciniki a cikinta: babbar ƙwaya ta fi ratsawa amma ba ta da yawa, ƙarama ta fi yawa amma ƙarfinta na saurin ƙarewa. Zuwan ƙwayar tangistin da ake kira TSS ya rushe wannan lissafi. Nauyinta giram 18 ne a kowace santimita kubik, na dalma kuwa wajen 11. Saboda haka ƙaramar lamba 9 tana ratsawa kusan kamar dalma mai lamba 5, alhali yawanta a ma'auni ɗaya ya ninka. Tun da kamfanin Federal ya fitar da ita kasuwa a 2018, ƙananan bindigogi masu lamba 20 da .410 suka samu karɓuwa, yara da dattawa suka huta da dukan kafaɗa. Kuɗinta dai ya ninka na dalma sau da yawa.

A nan ne nake ganin haɗarin. Zuciyar wannan farauta ita ce kira: maharbi ya zauna jikin bishiya da asuba a lokacin bazara, ya kwaikwayi muryar mace da ɗan akwatin katako ko mabusar baki, har namiji ya taho da ƙafarsa. Harsashin da ke kisa a yadi 60 yana ruɗin mutum ya tsallake wannan gwaninta. Ga shi kuma ido na yaudara a daji, iska na kaɗa feshi, hannu na rawa. Wannan na faruwa ne a daidai lokacin da yawan tsuntsun ke raguwa a jihohin kudu maso gabas, har wasu suka rage adadin da aka yarda mutum ya harba.

Don haka ya kamata a karanta takardar gwaji a matsayin iyaka. Maharbi ya gwada a yadi 20, 30 da 40, da irin harsashin da zai shiga daji da shi, domin bindigogi biyu ƙirar kamfani ɗaya ma ba sa feshi iri ɗaya. Inda hudoji suka fara sirancewa, nan ikonsa ya tsaya. Tsuntsun da ya ƙi ƙarasowa, a bar shi ya tafi. Dabbar da aka sha wahala kafin a ceto ta daga ɓacewa ta cancanci harbi ɗaya mai tsabta, ko kuwa a ɗauke yatsa daga kunamar bindiga.