Goge Ɗaya Ba Murya: Nazari a Kan Kiɗan Celo na Bach

A wata ikilisiya da ke wajen Kunduru, wani saurayi ya roƙa a bar shi ya kaɗa goge a lokacin baiko. Dattawa suka ƙi. Ɗayansu ya ce mini, "Fasto, da wannan abin ake kiran iskoki a gidan ubana." Ban yi masa gardama ba, gama gaskiya ya faɗa. Amma tun daga ranar nake tambayar kaina ko asalin kiɗa shi ne hukuncinsa har abada. Don mu yi tunani a kai, bari mu duba wani aiki daga nesa.

Wajen 1720, a zamanin kiɗan da ake kira Barok, Johann Sebastian Bach yana hidima a fadar Yarima Leopold a garin Köthen na Jamus. Fadar tana bin koyarwar Calvin, ba ta bukatar kiɗa mai yawa a sujada. A nan ya tsara jerin kiɗa shida domin celo, wato babban gogen Turawa mai tsirkiya huɗu. Ba mawaƙi, ba 'yan amshi, ba wani abin kiɗa na biyu. Kowane jeri yana da sashe shida: mabuɗi, sa'an nan kiɗan rawa biyar.

Gwanintar aikin tana cikin ƙarancin kayansa. A mabuɗin jeri na ɗaya, bakan yana taɓa tsirkiya mai kauri, ya haura sama, ya sāke dawowa. Kunne yakan riƙe sautin ƙasan nan ko bayan ya shuɗe, har mai sauraro ya ji kamar mutum biyu ko uku ne suke zance. Bach ya bar wa kunne aikin cika abin da hannu bai kaɗa ba. Wanda ya taɓa jin Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya san yadda ƙaramin abu yake cika fili.

Sashen da ya fi shafarmu shi ne sarabande. Asalinsa rawa ce da aka haramta a Sifen a 1583 saboda ana ganinta batsa. A jeri na biyar Bach ya ɗauki wannan rawa, wadda aka riga aka rage wa gudu, ya tuɓe mata ado, ya bar sauti ɗaya yana bin ɗaya kamar mai nishi cikin addu'a. Sunan bai sāke ba, amma abin da yake yi a zuciya ya sāke sarai.

An daɗe ana ɗaukar jerin nan abin koyon hannu kawai. A 1890 Pablo Casals, yana ɗan shekara 13, ya tsinci littafin a wani kanti a Barcelona. Ya yi shekaru yana bitarsa kafin ya kaɗa a gaban jama'a, ya kuma ɗauke shi a faifai tsakanin 1936 da 1939. Benjamin Britten ya rubuta wa Mstislav Rostropovich jeri uku na celo kaɗai, kuma kiɗan Bach ne Rostropovich ya kaɗa a gindin katangar Berlin a Nuwamba 1989.

Duk da haka kada mu wuce gona da iri. Kiɗan nan ba wa'azi ba ne. Mai bi da marar bi za su ji shi su natsu, amma ba wanda zai san gicciye ta wurinsa. Garayar Dawuda ta kwantar da hankalin Saul (1 Sama'ila 16:23), ba ta sa ya tuba ba. Wani lahani kuma, sai mai haƙuri yake cin moriyarsa, gama wasu sassan sukan yi wa sabon kunne kamar maimaici.

To, me mai hidima zai ɗauka? Na fari, asali ba ya ɗaure kiɗa har abada. Kamar yadda sarabande ta sami sabon aiki, goge ma zai iya. Na biyu, sauyin nan yakan ci lokaci: fiye da shekara 130 ne tsakanin haramcin Sifen da Bach. Dattijon da kiɗan bori bai bar kunnensa ba tukuna, lamirinsa yana da hakki a kanmu (1 Korantiyawa 8). Na uku, mu da muka cika majami'u da lasifika har ba a jin kalmomin waƙa, mu koyi cewa natsuwa ma hidima ce.

Shawarata ga saurayin ita ce kada ya yar da gogen, kada kuma ya tilasta shi a sujada. Ya fara a taron matasa, da karin waƙoƙin da ikilisiya ta sani, ya gayyaci dattawa su saurara, ya bar su su yanke.

Don tattaunawa: wane abin kiɗa ne ikilisiyarku take ƙi, kuma dalilin daga Nassi yake ko daga tunawa da baya?