Samanja da Cabascabo: Sojan da Muka Sani da Wanda Muka Manta

Wata rana muna zaune a fadarmu a Agye, shayi na kan wuta, na tambayi abokai: wa ya san Samanja? Kafin in rufe baki wani ya miƙe, ya turo ƙirji, ya fara ba da oda da Hausar bariki, kowa ya fashe da dariya. Sai na ce, to wa ya san Oumarou Ganda? Shiru. Can wani ya ce, "Ba sunan gidan wasa ba ne a Yamai?" Gaskiyarsa, akwai gidan raya al'adu mai wannan suna. Amma mutumin fa? Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan.

Mutanen biyu hanyarsu ɗaya. Kowanensu ya sa kakin soja da gaske kafin ya sa shi gaban kamara, kuma kowanensu ya fito a matsayin soja. Sai dai abin da suka nuna mana ya bambanta ƙwarai.

Mu fara da wanda muka sani. Usman Baba Pategi Banufe ne daga garin Pategi a jihar Kwara ta Najeriya. Ya yi aikin soja, daga baya ya shahara da shirin Samanja Mazan Fama a rediyo da talabijin na Kaduna. Sunan Samanja kansa daga muƙamin soja na Turancin Ingilishi ya fito, bakin Bahaushe ya lanƙwasa shi. Ya rasu a Kaduna cikin watan Nuwamba na 2023. Iyayenmu a Gazawa da Gidan Runji sun san shi ta Rediyon Kaduna, don iska ba ta san iyaka ba, mu kuma muka gaje shi a kaset da salula.

Ƙarfin Samanja a bakinsa yake. Hausa ce ta mutumin da ya koye ta a bariki, an cakuɗa ta da Turancin buroka, a tsawace, kamar kowace magana fareti ce. Wanda bai zauna bariki ba zai iya kwaikwayon muryar, amma da wuya ya san inda ake tsayawa da inda ake ɗaga kafaɗa. Shi ya sani, don jikinsa ya yi. Kuma ya yi mana wani alheri da ba a cika faɗa ba. A shekarun da sojoji ke mulki a Najeriya da Nijar, talaka na ganin kaki gabansa ya faɗi, sai ga soja a akwatin talabijin ana yi masa dariya a tsakar gida.

To amma a nan ne nake da ƙorafi. Dariyar nan tana da iyaka. Samanja kullum Samanja ne, da muƙaminsa da tsawarsa. Abin da ya rage a kanmu shi ne tafiyarsa da maganarsa. Ban taɓa jin wani a fada ya tuna shi ya yi tambaya kan abin da yaƙi ke yi wa mutum ba, ko abin da ke faruwa ranar da aka karɓe kakin. Ba laifinsa ba ne, wasan barkwanci ya yi, kuma ya iya. Laifinmu ne da muka ɗauka labarin soja ya ƙare a nan.

Sauran labarin yana wurin Oumarou Ganda. An haife shi a Yamai a 1935, Bazabarme ne. Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indoshin, inda ake kira Biyetnam yau. Ku duba, shekarun ƙanenmu da ke kolej. Da ya dawo gida bai sami aiki ba, ya tafi Abijan yana dako a tashar jirgin ruwa. Can ya haɗu da Bafaranshe Jean Rouch, wanda ya sa shi a fim ɗin Moi, un Noir na 1958. Kusa da ƙarshen fim ɗin, Ganda na tafe bakin ruwa yana ba wani yaro labarin yaƙi, yana faɗuwa ƙasa, yana jifa da abin da babu a hannunsa. Ba wanda ya koya masa wannan. Amma fim ɗin na Rouch ne, kuma sunan da Ganda ya ɗauka a ciki na wani ɗan wasan Amurka ne, Edward G. Robinson.

Bayan shekara goma ya karɓi kamarar da kansa. Cabascabo fim ne gajere, bai kai awa ɗaya ba, baƙi da fari, da harshen Zabarmanci. Shi ya tsara, shi ya fito a matsayin Cabascabo, tsohon sojan Indoshin da ya dawo gida da kuɗi a aljihu. Abokai suka kewaye shi, ana ci ana sha, yana ba da labarin fagen fama. Kuɗi suka ƙare, mutane suka watse, ya shiga neman aiki ana wulaƙanta shi. An nuna fim ɗin a Cannes a 1969, ya kuma sami lambar yabo a Mosko a shekarar.

Abin da ya kama ni shi ne Ganda bai wanke kansa ba. Cabascabo yana da girman kai, yana son a yabe shi, da hannunsa ya watsar da dukiyarsa. Duk da haka in ka gama kallo sai ka tambayi kanka: wa ya ɗauki yaro ya kai shi yaƙin da ba nasa ba, ya dawo da shi ba sana'a? Wannan ba tatsuniya ba ce. A 1959 Faransa ta daskarar da fanshon ƴan mazan jiya na ƙasashen da ta mallaka, aka bar su suna karɓar ɗan abin da bai kai na takwarorinsu Faransawa ba. Da fim ɗin Indigènes ya fito a 2006, gwamnatin Faransa ta ɗauki alkawarin gyara. Kun ga fim na iya taɓa aljihun gwamnati.

Shi ma Ganda ina da abin faɗa a kansa. Macen da ta fi fitowa a Cabascabo, wadda Zalika Souley ta taka, tana cikin masu cin kuɗin ne, ba mu ji sosai daga uwa ko matar da ta yi zaman jira ba. Na biyu, fim ɗin ya je Cannes da Mosko, amma bai zo kasuwar Gazawa ba. Ganda ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972 da Le Wazzou polygame, har yau akwai kyauta mai sunansa a bikin, ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981. Duk da haka ɗan lakwal a jihar Maraɗi zai iya gama karatu bai ga minti ɗaya na aikinsa ba. Samanja ya shigo gidajenmu ne don ya yi magana da Hausa ta akwatin da muke da shi.

Mi ya sa wannan ya dame mu yau? Don soja ya daina zama labarin nesa. Tun 2019 yankin Gidan Runji ke karɓar ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina saboda ƴan bindiga. Motocin soja na wucewa ta gabanmu. Cikinmu akwai masu jiran a buɗe ɗaukar soja, don aiki ya yi wuya. Waɗanda suka tafi za su dawo wata rana, wasu lafiya, wasu da rauni, wasu ba sa iya barci. Amma ku duba ƴan wasannin da muke ɗauka da salula. In soja ya fito, ko dai ɗan Samanja ne mai tsawa, ko jarumin fim ɗin Indiya da harsashi ba ya kamawa.

Shawarata ga ƙungiyarmu ƙarama ce. Mu nemi Cabascabo mu kalla tare, wanda ke jin Zabarmanci ko Faransanci ya fassara wa saura. Sannan kowa ya je wurin tsohon soja na unguwarsu, ya gaishe shi, ya zauna, ya saurara, kada ya tambaye shi mutum nawa ya harbe. Ya tambaye shi ranar da ya dawo gida, wa ya tarbe shi, kuma wa ya rage bayan wata shida. Mu ci gaba da dariyar Samanja, Allah ya jiƙansa, ya cancanta. Amma wasan da za mu rubuta nan gaba, ya fara daga ranar da soja ya sauko daga mota a tasha da jakarsa a hannu.